Yadda Ake Rubuta Labarin Almara Mai Raha a Kan Rashi Domin Yara Masu Tasowa

Yaro ɗan shekara 12 da aka yi wa rasuwa yakan yi kuka da safe, da rana ka tarar da shi yana ƙyalƙyala dariya cikin abokansa, dare ya yi kuma barci ya gagare shi. Babba in ya ga dariyar sai ya ce ai yaro ne, har ya manta. Bai manta ba. Haka yara suke ɗaukar rashi, su shiga su fita, su sake shiga. A 1999 wasu masu nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana cewa mai jimami yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma komawa harkokin rayuwa, kuma wannan kai da komon shi ne ke taimaka masa ya jure. Duk wanda zai rubuta wa yara masu tasowa labarin almara a kan mutuwa da kewa da abota, a kan wannan zai kafa gininsa. Dariya da hawaye za su zauna a shafi ɗaya, tunda haka suke zaune a ƙirjin mai karatun.

Ga matakan yadda nake ganin ya fi dacewa a bi su. Na ƙagi wani ɗan labari da zan riƙa ɗauko misali daga ciki, don kada maganar ta tsaya a iska.

Mataki na 1: Ka san wanda kake rubuta wa

'Yan shekara 11 zuwa 14 nake nufi. Galibin yara kan gane ainihin mutuwa tun suna wajen shekara bakwai: cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, cewa kowa zai mutu, cewa jiki ya daina aiki baki ɗaya. Saboda haka mai karatunka ba ya bukatar ka koya masa mece ce mutuwa. Abin da ke cin sa daban ne. Shin zan manta muryarsa? Me ya sa abokaina suke kauce mini? Laifi ne in na ji daɗi yau? A wannan shekarun babu abin da yaro ya tsana kamar ya zama daban a cikin aji, kuma rasuwa takan mayar da shi "wannan da yayansa ya mutu" a bakin kowa.

Ka sa tauraron labarin ya girmi mafi ƙanƙantar masu karatunka da shekara ɗaya ko biyu, don yara sun fi son bin wanda ya ɗan gabace su. Masu ɗab'i a Amurka da Ingila sukan sa ran littafin wannan rukuni ya kai kalmomi 30,000 zuwa 50,000, na almara kan ɗan zarce haka. Ka yi babi gajeru, waɗanda za a iya gama ɗaya a zama guda.

Mataki na 2: Ka rayar da mamacin kafin ka kashe shi

Nan ne sababbin marubuta suka fi faɗuwa. Sai su ba mu kaka mai haƙuri, mai murmushi, wadda ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba, sannan su yi mamakin da mutuwarta ba ta taɓa zuciyar kowa ba. Mutumin da ba shi da aibi hoto ne kawai, kuma mai karatu ba ya kewar hoto.

Ka ɗauki takarda daban, wadda ba za ta shiga littafin ba, ka rubuta abubuwa goma game da mamacin. Aƙalla uku su kasance masu ban haushi. A misalina, tauraruwar ita ce Hauwa, 'yar shekara 13, wanda ya rasu kuma yayanta ne Nura, ɗan shekara 16, a haɗarin mota. Yaya Nura yakan ari abu bai mayar ba. Yana waƙa da mummunar murya kuma ya ɗauka ya iya. In zai yi ƙarya sai ya sosa kunnensa na hagu. Yana kiran Hauwa da wani sunan tsokana a gaban ƙawayenta. Shi ne kuma kaɗai a gidan da yake lura in an ɓata mata rai a makaranta tun kafin ta buɗe baki. Ka ga yanzu akwai wanda za a rasa. Sosa kunnen nan ma zai yi maka aiki nan gaba, ka ajiye shi.

Sai kuma inda za ka buɗe labarin. Ba na ba da shawarar a fara da ranar mutuwa. Wannan rana tana da nauyin da in ka ɗora shi a babi na ɗaya, sai ka kai tsakiyar littafi ba ka samu damar yin raha ko ɗaya ba. Ka fara bayan makonni shida ko wata biyu, lokacin da masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an koma makaranta, kowa yana sa ran yarinyar ta dawo yadda take. A nan ne kewa ta gaskiya take farawa, a nan ne kuma abubuwan ban dariya suke, kamar malamin da ya koma yi mata magana a hankali sai ka ce za ta fashe, ko ƙawar da ke sauya hanya in ta hango ta.

Mataki na 3: Ka ƙirƙiri abin al'ajabi, ka kafa masa doka

Wannan ne zuciyar aikin, zan daɗe a kansa.

Amfanin almara a irin wannan labari shi ne ta ɗauki abin da ke cikin ƙirji, wanda ba shi da siffa, ta fito da shi fili inda za a gan shi, a gudu daga gare shi, a yi faɗa da shi, a yi masa dariya. Yaro ba zai zauna ya karanta shafi uku na "zuciyarta cike take da baƙin ciki" ba. Amma in ka ce wata safiya Hauwa ta fito tsakar rana ta ga inuwa biyu a ƙasa, tata da wata doguwa mai sosa kunnen hagu, ba zai ajiye littafin ba.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta labarin, ka amsa wa kanka tambayoyi uku a rubuce.

Ta farko, me abin al'ajabin yake iya yi? Inuwar Yaya Nura tana bin Hauwa duk inda akwai haske. Tana rawa, tana nuna abu da yatsa, tana kwaikwayon tafiyar shugaban makaranta a bayansa.

Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, me ba ya iya yi? Inuwar ba ta magana. Ba ta taɓa komai. Sannan ga babbar dokar da dukan littafin zai rataya a kanta: inuwar ba ta yin wani motsi sai wanda wani da ke wurin ya taɓa ganin Nura ya yi yana raye. Dubi abin da wannan doka ɗaya ta haifar. In Hauwa ita kaɗai ce, motsin da ta sani ne kawai inuwar take maimaitawa, har ta fara gundura da su, har ta fara tsoron wannan ne iyakar abin da ya rage mata na yayanta. Amma ranar da ta tsaya kusa da mahaifiyarsu sai inuwar ta ƙanƙance ta koma rarrafe, domin uwa ta san shi tun yana jariri. Ranar da ta yi karo da Iliya, yaron da ta tsana a makaranta, sai inuwar ta yi wata gaisuwar hannu mai sarƙaƙiya da Hauwa ba ta taɓa gani ba. Ashe abokai ne, ita ba ta sani ba. Yanzu in tana son ganin sauran yayanta, dole ta je wurin mutane, har da waɗanda ba ta so. Ba ka yi wa'azi a kan abota ko tausayi ba, dokar almarar ce da kanta ta tura yarinyar cikin mutane.

Irin dokar da za ka nema ke nan, wadda in ka cire ta labarin zai ruguje. In abin al'ajabinka za a iya musanya shi da wani ba tare da komai ya sauya ba, dodo ya koma aljani, aljani ya koma zobe mai magana, to ado ne kawai ka yi, ka koma ka sake tunani.

Tambaya ta uku, mene ne kuɗinsa? Duk abin al'ajabi da ake samu kyauta yana kashe labari. Inuwa ba ta rayuwa a duhu, saboda haka Hauwa ta daina kashe fitila da dare, ta daina barcin kirki, ta daina zama a gindin bishiya inda ƙawayenta suke hira, tana tsaye a rana ita kaɗai kowa yana mata kallon wadda ta zautu. Riƙe mamacin yana cinye mata masu rai. Mai karatu ɗan shekara 12 zai gane haka tun kafin ita ta gane, kuma yara suna jin daɗin riga tauraro ganewa.

Akwai abu biyu da nake ganin bai kamata almararka ta yi ba. Kada ta dawo da mamaci. A cikin masu karatunka akwai wanda aka yi wa rasuwa da gaske, kuma shi babu zoben da zai dawo masa da uwarsa. In ka ta da naka mamacin a babin ƙarshe, ka bar wannan yaro a baya shi kaɗai. Na biyu, kada ta yanke hukunci a kan abin da ke bayan mutuwa. Wannan fage ne na addini, kowane gida da abin da yake koya wa 'ya'yansa, kuma iyaye da malamai su ne ke sayen littafin. Ka lura inuwar nan ba Nura ba ce, ba ruhinsa ba ce, ba ta zo da saƙo daga ko'ina ba. Abin da masu rai suke tunawa ne ya samu siffa. Da wannan dabara ka samu 'yancin yin wasa yadda kake so ba tare da ka taka inda bai kamata ba.

Mataki na 4: Ka ba tauraron aboki wanda bai iya lallashi ba

An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma ba a ce dole ya iya magana ba. Abokin da ya san daidai abin da zai faɗa a kowane lokaci babba ne da aka saka wa kayan makaranta. Yaro na gaske yana son ya taimaka, bakinsa kuma yana kai shi ya baro. Ga yadda Sagir, maƙwabcin kujerar Hauwa a aji, zai iya fara yi mata gaisuwa:

"Hauwa, ni fa na san yadda kike ji. Bara akuna ya mutu."

Ta juyo ta dube shi. "Aku?"

"Ba irin na kowa ba ne. Ya iya kiran sunana. Har tari yake yi irin na kakana."

"Sagir, yayana ne ya rasu."

"Na sani." Ya sunkuyar da kai yana murza biro. "Tun daren jiya nake shirya abin da zan ce miki. Da na buɗe baki sai akun ya fito."

Dariya ta kufce mata, ta farko tun ranar da abin ya faru, nan take kuma ta ji haushin kanta.

A wannan 'yar hira an yi aiki uku. An yi dariya, an nuna yaron yana da zuciya, an kuma nuna yadda mai jimami yake jin ya ci amana in ya yi farin ciki. Babu inda aka rubuta kalmar tausayi.

Daga nan ka bar Sagir ya koya a hankali, ta hanyar aiki. Shi ne na farko da ya ga inuwa ta biyu. Bai tambaye ta dalili ba. Washegari sai ga tocila a jakarsa, kuma duk lokacin da hadari ya rufe rana ko aka shiga ɗaki mai duhu, sai ya kunna ta ya haska ƙasa kusa da ƙafarta, yana ci gaba da surutunsa kamar ba abin da ya yi. Duk lokacin da ka samu kanka kana rubuta "ya tausaya mata," ka tsaya ka tambayi kanka me ya yi da hannunsa, sai ka rubuta wannan.

Sannan ka ba abokin nasa ciwon. Mahaifin Sagir ya bar gida shekara biyu da suka wuce, yana raye a wani gari, ba ya kira. Ba wanda ya taɓa zuwa yi masa gaisuwa a kan wannan. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu a 1989 a kan irin wannan jimami da jama'a ba sa lissafa shi a matsayin rashi, kuma yara da yawa suna ɗauke da shi shiru. Baƙin ciki yakan sa mutum ya daina ganin kowa sai kansa, ka bar Hauwa ta zama haka, ta yi son kai, ta faɗa wa Sagir magana mai zafi, irin su "kai ai naka yana raye." Ranar da ta gane abin da ta yi ta je neman sa, ranar ce ta fara warkewa. Labarin da tausayi yake gangarowa ta gefe ɗaya kawai, kowa yana lallashin tauraro, yana koya wa mai karatu ya zama abin tausayi ne, ba mai tausayi ba.

Mataki na 5: Ka san daga ina dariya take fitowa, da inda za ta tsaya

Rijiyoyin raha a irin wannan labari guda uku ne da ba sa ƙafewa. Akwai halin mamacin kansa, domin wanda ya yi tsokana yana raye, tunawa da shi ma tsokana ce. Akwai wahalar ɓoye abin al'ajabi, kamar ranar ɗaukar hoton aji da Hauwa take ta jujjuya tsayuwa don kada a ga inuwa biyu, inuwar kuma ta zaɓi ranar ta ɗora wa shugaban makaranta ƙaho da yatsu. Akwai kuma ruɗewar mutanen kirki da ba su san abin da za su ce ba.

Abin da ba a yi wa dariya shi ne zafin kansa. Ka yi wasa da duk abin da ke kewaye da ciwon, ciwon kuwa ka bar shi da mutuncinsa.

Ga wata dabara ta aiki. A yawancin fitowa ka bar raha ta zo bayan nauyi, ta ba mai karatu numfashi. Amma ka zaɓi wuri biyu ko uku a dukan littafin inda za ka juya tsarin: ana tsakiyar dariya sai abu ya soke ta. Hauwa da Sagir suna ta dariyar rawar inuwa, sai Hauwa ta juya don ta ce "Yaya, ka ga abin da kake yi?" ta tarar babu wanda za ta gaya wa. A irin wannan wuri kada ka kawo wani barkwanci ya cece ka. Ka rufe babin a nan. Marubuci mai tsoron shiru yakan yi saurin jefa wasa, yaro kuma yana gane an guje masa.

Mataki na 6: Ka tsara tafiyar labarin

Wataƙila ka taɓa jin matakai biyar na jimami: ƙin yarda, fushi, neman sulhu, ƙunci, sannan karɓar ƙaddara. Likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross ce ta zayyana su a 1969, daga hirarrakin da ta yi da marasa lafiya da ke fuskantar mutuwar kansu, ba waɗanda aka mutu aka bari ba. Mutane ba sa bin su a jere. Kada ka mayar da su jadawalin babinka, yau fushi gobe ƙunci, don littafin zai fito kamar darasi. Tauraronka zai iya yin mako guda lafiya lau, sai ganin takalmin mamaci a bakin ƙofa ya mayar da shi farko.

Tsarin da ya fi yi mini aiki a ido shi ne wannan. Kashi ɗaya cikin huɗu na farko, abin al'ajabi ya bayyana, kuma ya zama abin murna, nan ne raha ta fi yawa. Tsakiyar littafi, wadda ita ce rabi, ana ta gano dokoki, abota tana ƙulluwa, kuɗin riƙe abin yana ƙaruwa a hankali. Daga nan sai ɓaraka: faɗa da aboki, asiri ya kusa tonuwa, da fitowar abin da tauraro yake ɓoyewa tun shafin farko.

Wannan abin ɓoye kusan kullum jin laifi ne, kuma ka tanade shi tun kafin ka fara rubutu. Yara, har da waɗanda suka yi wayo, sukan ɗauka wata magana ko wani tunani nasu ne ya jawo mutuwar. Da safen ranar haɗarin, Nura ya yaga wa Hauwa littafin zanenta, ita kuma ta ce masa ya tafi kada ya dawo. Ba ta gaya wa kowa ba. Ka watsa alamun wannan tun farko, ta ƙi taɓa zane, ta ƙi bin wata hanya, don in ya fito mai karatu ya ce ai na ga alama. Kuma dole wani a cikin labarin ya faɗa mata a fili, da kalmomi masu sauƙi, cewa magana ba ta kifar da mota. Wannan jimla ba ta Hauwa ba ce kaɗai, akwai mai karatun da ya daɗe yana jiran ta.

Game da ƙarshe, an daɗe ana ɗauka warkewa ita ce yanke alaƙa da mamaci. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman sun fito da wata fahimta da ta samu karɓuwa, cewa yawancin mutane ba sa yanke alaƙar, sauya mata kama suke yi, kuma hakan ba ciwo ba ne. Saboda haka kada ka ƙwace abin al'ajabin daga hannun tauraro kamar horo, kada kuma ka bar shi da shi har abada. Shi zai saki da kansa, a lokacin da ya zaɓa. Hauwa ce za ta miƙa hannu ta kashe fitila. Da safe inuwa ɗaya ce a ƙasa. Bayan kwanaki, tana shirga wa mahaifiyarta wata 'yar ƙarya a kan aikin gida, sai Sagir ya tuntsire da dariya, domin hannunta yana kan kunnen hagu. Ka rufe da raha in za ka iya, littafin mai raha ne tun farko.

Mataki na 7: Kada ka mayar da manya sakarkaru

Dole yara su warware matsalar labarin da kansu, wannan gaskiya ne. Amma ba sai ka mayar da kowane babba kurma ko azzalumi ba. Binciken da William Worden da Phyllis Silverman suka jagoranta a Harvard, inda suka bi yara 125 da suka rasa uwa ko uba har tsawon shekara biyu, ya nuna cewa halin da mahaifin da ya rage yake ciki yana daga cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda yaro zai jure. Ka nuna uwar Hauwa tana nata jimamin, tana mantuwa, tana ɗora kwano huɗu maimakon uku. Ka kuma bar babba guda ɗaya da yarinyar za ta iya zuwa wurinsa a ƙarshe, don mai karatun da ke cikin irin halin ya ga cewa gaya wa babba hanya ce.

Mataki na 8: Ka kira abu da sunansa

Ka rubuta "ya rasu" ko "ya mutu." Masu aikin kula da yaran da aka yi wa rashi sun daɗe suna gargaɗi a kan kalmomi irin su "ya yi barci" ko "ya yi tafiya," don suna rikita ƙananan yara, manyansu kuma suna jin an raina musu hankali. Ka faɗi sanadin mutuwar sau ɗaya, a taƙaice, ba tare da siffanta rauni ko jini ba. In labarinka ya shafi wanda ya kashe kansa, wannan aiki ne daban mai nasa ƙa'idoji: ba a bayyana hanyar da aka bi, ba a nuna shi a matsayin mafita, kuma ka nemi ƙwararre ya duba rubutun kafin ya fita. Ni dai ba zan ba mai fara rubutu shawarar ya haɗa wannan da raha a littafinsa na farko ba.

Jimlolinka su zama gajeru a wurin zafi. Inda abin ya fi ciwo, a nan za ka rage ado.

Mataki na 9: Gyara da gwaji

In ka gama daftarin farko, ka ajiye shi mako biyu ko uku. Sannan ka buga shi a takarda, ka ɗauki biro kala biyu. Duk inda aka yi dariya ka ja layi da ɗaya a gefen shafi, duk inda aka ji nauyi ka ja da ɗayan. Ka baza shafukan ka duba daga nesa. In ka ga babi uku a jere da kala ɗaya, akwai gyara a wurin. Bayan haka ka bi dokokin almararka ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata ba ka karya ko ɗaya ba don neman sauƙi. In inuwar ta yi motsin da babu wanda ya taɓa gani a wurin, yaro ɗan shekara 11 zai kama ka, kuma ba zai yafe ba.

Ka nemo duk jimlar da wani a cikin labarin ya faɗi darasin littafin da bakinsa, musamman a babi biyu na ƙarshe, ka goge ta. Sau da yawa za ka tarar fitowar ta fi ƙarfi ba tare da ita ba. Ka karanta hirarrakin da babbar murya, duk inda harshenka ya yi tuntuɓe ko ka ji muryar ɗan shekara arba'in a bakin ɗan sha uku, ka sake.

Sai masu gwaji. Ka ba yara uku ko huɗu 'yan wannan shekarun, da izinin iyayensu, kuma ka gaya wa iyayen abin da littafin ya ƙunsa tun da wuri. Kada ka tambayi yaro ko ya ji daɗin labarin, zai ce e don kunya. Ka tambaye shi a wane shafi ya ajiye ya tafi wasa, wa ya fi ba shi haushi, wane wuri ya karanta sau biyu. Ka kuma nemi babba wanda ya yi rashi yana yaro, ko malami ko mai ba da shawara da ke aiki da irin waɗannan yara, ya karanta maka da ido ɗaya a kan wuraren da wasan ya wuce gona da iri. Yaron da bai daɗe da yin rashi ba kuwa, kada ka miƙa masa daftari don ya gwada maka. In littafin ya fito, babban da ya san halinsa ne zai yanke lokacin da ya dace ya karanta.